RAGAYAR ISKA: ƊAN TSOKACI A KAN MA'AUNI DA RINJAYE

Gabatarwa

Abin da nake nufin yi a cikin wannan ɗan rubutu shi ne in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai wata fasaha ta ƙere-ƙere wadda Turawa suke kira "mobile", in bayyana yadda ake haɗa ta, sa'an nan in kawo dalilan da suka sa nake ganin ta fi kusa da mu, mu 'ya'yan manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi, fiye da yadda mutum zai zata da farko. Siffarta dai ita ce, a sami 'yan sanduna ko wayoyi, a rataya wannan a jikin wancan, a bakin kowane kuma a ɗaura wani ɗan abu mai faɗi marar nauyi, sa'an nan a rataye su duka a rufin ɗaki da zare ɗaya tak. In an daidaita nauyin sosai, ko iskar da mutum ya kaɗo da rigarsa wajen wucewa ta isa ta motsa ta, sai ka ga tana juyawa a hankali, wani reshe ya nufi gabas wani ya nufi yamma, babu wanda ya rinjayi ɗan'uwansa, babu kuma wanda ya yi karo da wani.

Matsalar farko da ɗalibin Hausa zai tarar ita ce ta suna. In ka tsaya a tashar motar Funtuwa ka ce "mobil", wani zai nuna maka gidan mai, wani ya ɗauka 'yan sandan kwantar da tarzoma kake nufi, saurayi kuwa ya laluba aljihu ya fito da wayarsa. Ashe ke nan aron kalmar ba zai biya bukata ba. Saboda haka na zaɓi in kira ta ragayar iska, domin kuwa ragaya ita ce abin da Bahaushe ya sani ana ratayewa a rufin ɗaki ya ɗauki kaya yana lilo, iska kuma ita ce ke tafiyar da wannan. In an sami wanda ya fi wannan dacewa, to madalla, amma da shi zan yi aiki a nan.

Asalinta a Ƙasashen Turawa

Wanda ya fito da wannan fasaha a siffarta ta zamani shi ne wani Ba'amurke mai suna Alexander Calder, wanda aka haifa a 1898, ya rasu a 1976. Mahaifinsa da kakansa duk masassaƙa ne, amma shi aikin injiniya ya fara karantawa, ya gama a 1919, kuma wannan ilmi bai bar hannunsa ba har ƙarshen ransa. Ya tafi birnin Faris na Faransa a 1926, inda ya yi suna wajen lanƙwasa waya yana yin 'yan wasan kwaikwayo da ita. A 1930 ya ziyarci ɗakin aikin wani mai zane, Piet Mondrian, ya ga an manna 'yan takardu masu launi a bango, babu surar mutum babu ta dabba, sai ya ji yana son ya ga irin waɗannan launuka suna motsi. Da farko ƙananan injuna ya sa suna juya su, daga baya ya bar wa iska aikin. Abokinsa Marcel Duchamp ne ya raɗa musu suna a 1931, da wata kalma ta Faransanci mai ma'ana biyu, watau abin da ke motsi da kuma dalilin da ke motsa mutum ya aikata abu.

A 1955 Calder ya je Ahmedabad ta ƙasar Indiya, garin auduga da masaƙu, bisa gayyatar gidan Sarabhai, ya zauna 'yan makonni yana ƙira da abin da ya samu a wurin. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa na ƙarshe tana rataye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washinton. An rataya ta a 1977, bayan rasuwarsa, tsawonta ya haura ƙafa 70, nauyinta ya ɗara kilo 400, amma duk da haka iskar da ke kewayawa cikin ginin ita ke juya ta.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka daga manyan birane abin ya faro. Tun kafin a haifi Calder, manoman arewacin Turai suna tsinke karan hatsinsu bayan girbi, su zura zare a ciki, su ƙulla shi kusurwa-kusurwa, su rataye bisa teburin cin abinci don fatan albarkar shekara mai zuwa. Mutanen Finlan suna kiran nasu "himmeli", na Lituwaniya kuwa "sodai", kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sa na Lituwaniya cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Wannan shi ya fara jawo hankalina, domin in dai kara ne da zare, ban ga abin da manomin Lituwaniya zai nuna wa na Bakori ko na Ƙafur ba.

Abin da Muka Taras a Gida

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan kudancin Katsina ya tashi ne a tsakiyar abubuwa masu aiki da ma'auni da rinjaye, ko da kuwa ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa haka ba. Zan kawo guda huɗu.

Na farko shi ne jigo, wanda masu lambu suke kafawa a bakin rafi ko rijiyar fadama. Akan kafa gwafa biyu a gitta itace a kansu, a ɗora doguwar sanda bisa wannan itace, amma ba a tsakiyarta ba. A guntun ɓangaren sai a liƙa curin laka ko a ɗaure dutse, a dogon kuwa a ɗaura igiya da guga. Mai lambu yakan sa ƙarfinsa ne wajen jawo gugan ƙasa lokacin da babu kome a ciki, in ya cika kuma curin nan shi ke taimakonsa ya ɗago shi. Gwanin jigo ya san in curin ya yi yawa zai wahala wajen ja, in ya yi kaɗan zai wahala wajen ɗagawa, don haka sai ya yi ta ƙara laka yana ragewa har hannunsa ya gaya masa ya yi daidai. An ga hoton wannan na'ura a zanen kaburburan Misira na fiye da shekara 3,000 da suka wuce, amma tun daga shekarun 1980 injin ban-ruwa ya yi ta korar ta daga fadamunmu.

Na biyu shi ne sikelin auduga, ko kaɗa kamar yadda Katsinawa suke cewa. Tarihin Funtuwa da Malumfashi a ƙarni na 20 ba ya rabuwa da wannan sikeli. Ƙungiyar Turawan Ingila ta noman auduga, watau B.C.G.A., wadda aka kafa a Manchesta a 1902, wadda kuma bakin Bahaushe ya mayar Bisije, ta gina gidajen gurza a garuruwan nan biyu, aka buɗe gonar iri a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa daga Zariya har ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan ne wahalar manomi ta shekara guda ta koma tana ƙarewa a gaban wani hannun ƙarfe mai zane-zane, wanda malamin awo yake tura ɗan guntun ƙarfe a kansa. Wannan ɗan ƙarfe da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya shi ke tsayawa daidai da ƙunshin audugar da ƙato ya sauke da ƙyar, saboda nisan da yake da shi daga inda hannun ya dogara. Manomi bai iya karanta lambobin ba, amma idonsa yana kan bakin hannun, ya san lokacin da ya tsaya cak da lokacin da aka yi hanzarin faɗin lamba yana cikin lilo. An rushe hukumar auduga ta ƙasa a 1986, sikelin zamani mai nuna lamba da batir kuma ya shigo kasuwanni, wanda ba shi da hannun da ido zai bi.

Na uku shi ne ɗan ga-ruwa da sandarsa da garwa biyu. Kowace garwa tana cin galan 4, watau kamar lita 18, in duka cike suke sai ya sa kafaɗarsa a tsakiyar sandar. In ya juye rabin ɗaya a wani gida, ba ya tsayawa lissafi, sai kawai ya gusa kafaɗar ta matsa kusa da mai nauyin, ya ci gaba da tafiya. Shi ma yanzu kura da jarkoki sun maye gurbinsa a yawancin garuruwa.

Na huɗu kuwa shi ne igiyar korar tsuntsaye. Lokacin da dawa ko shinkafa ta fara nuna, jan-baki ya sauko, akan ja igiyoyi daga wannan gefen gona zuwa wancan, a rataya gwangwanaye da tsummoki da ledoji, yaro ya hau rumfa yana girgizawa. In ya gaji ya yi gyangyaɗi, iska ta karɓe shi. A nan ne manomi ya riga ya gane cewa abin da aka rataya, in yana da faɗi kuma ba shi da nauyi, ba ya bukatar hannu kafin ya motsa.

Ƙa'idar Aikin

Dukkan waɗannan abubuwa ƙa'ida ɗaya ce take riƙe da su, wadda Arkimidis, masanin Girkawan da, ya rubuta tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, masana a daular Musulunci kuma suka faɗaɗa ta. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya yi littafi a kan sikeli mai hannu, Abdurrahman al-Khazini kuma ya wallafa Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121, inda ya siffanta wani ma'auni mai faranti 5. Ƙa'idar ita ce, in ka riɓanya nauyin da ke hannun dama da nisansa daga wurin ratayewa, tilas ya zo daidai da nauyin da ke hagu an riɓanya shi da nasa nisan.

Alal misali, a ce kana da ɓallin ƙwarya mai giram 40 da ɗan faifai mai giram 20, da sillen kara mai tsawon santimita 30. In muka ajiye nauyin karan kansa a gefe tukuna, za ka ɗaura zaren ratayewa santimita 10 daga ƙwaryar, watau 20 daga faifan, domin 40 sau 10 ya ba da 400, 20 sau 20 ma 400. To, yanzu wannan reshe gaba ɗayansa ya zama kaya guda mai giram 60. Ka rataya shi a bakin wani kara mai santimita 40, a ɗaya bakin ka sa wani faifan mai giram 20, sai wurin ɗaurin ya faɗo santimita 10 daga reshen, 30 daga faifan. Haka za ka yi ta hawa. Daga wannan lissafi ne ake gane abin da ya sa tilas a faro ragayar iska daga ƙasa a nufi sama, akasin yadda ido yake karanta ta. Ba yadda za a yi a san inda za a ɗaure babban reshe sai an san nauyin dukkan 'ya'yan da zai ɗauka, kuma in aka taɓa na can ƙasa ko da ƙwayar gero ce, sai an sake duba kowane ɗauri har zuwa rufin ɗaki.

Akwai kuma ƙa'ida ta biyu wadda lissafin nan bai nuna ba. Wurin ratayewa ya kamata ya ɗan ɗara bakunan reshen tsawo. In ya yi ƙasa da su, reshen zai kife ko da nauyin ya yi daidai. In ya yi sama da yawa kuma, sai ya zauna daram ya ƙi jin iska. Abin da ake nema yana tsakani, watau ya ɗara su kaɗan, yadda in iska ta tura shi zai sunkuya a hankali ya komo a hankali. Wannan ne dalilin da ya sa ake lanƙwasa wayoyin kamar baka. Shi ne kuma sirrin sikeli mai gaskiya, domin sikelin da ya cika zama daram ba ya nuna ɗan bambanci, a cikin ɗan bambancin nan kuwa haƙƙin talaka yake.

Ta uku ita ce ta sarari. Kowane reshe kewaya yake yi, don haka a ba shi filin da zai zagaya bai taɓa maƙwabcinsa ba. Abin da aka tsayar a tsaye kamar tuta, iska takan juya shi gefe, wanda aka kwantar kamar faifai a bakin ƙwarya kuwa, sama da ƙasa yake yi. Mai haɗawa shi zai zaɓi nawa zai tsayar, nawa zai kwantar, kuma a nan lissafi ya ƙare, ido ya karɓa.

Yadda na Haɗa Tawa

A hutun da ya biyo bayan girbi na haɗa tawa a gida, na kuma ɗaura wa kaina sharaɗin ba zan sayi kome daga kanti ba. Na ɗauki sillen karan dawa busasshe don ƙananan rassa, saboda ba shi da nauyi kuma ƙaya tana huda shi. Babban reshe na yi shi da langa-langa, irin wanda ake ɗaure dilar auduga da shi a gidan gurza, wanda yaran Funtuwa suka daɗe suna ƙera motocin wasa da shi. Abubuwan ratayewa kuwa su ne ɓallin fasasshiyar ƙwarya da na goge bakinsa a kan dutse, da ƙananan faya-fayai na kaba masu ja da baƙi, da totuwar masara, wadda ta yawaita a ƙasarmu tun da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa ya fara a 1975, sai kuma 'yan dunƙulen auduga. Zaren da na yi aiki da shi na mazari ne, na hannun tsofaffi.

Ban yi awo da giram ba, domin babu sikelin da zai auna abu ƙarami haka a gidanmu. Nakan ɗora reshen a kan ɗan yatsa in yi ta gusawa har ya tsaya, in sa alama da gawayi, in ɗaure sako-sako, in rataya, in gyara, sa'an nan in ƙulle. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana aikin awo a fulotin auduga, ya zauna yana kallona wata la'asar, da ya ga ina hanzarin ƙullewa reshen bai gama lilo ba, sai ya ce, "Yaro, bari ya yi shiru tukuna. Sikeli ba ya faɗin gaskiya sai ya huta." Na ce, "To, Baba." Na lura kuma cewa ko da yake bai taɓa jin sunan Calder ba, kafin in ɗora yatsa yakan nuna mini wurin da ɗaurin zai faɗa, ya kuwa faɗa nan ko kusa da nan.

Abubuwa biyu na koya daga kayan gida waɗanda mai aiki da ƙarfe ba zai gamu da su ba. Na ɗaya, zaren mazari yana da murɗi a jikinsa, in aka rataya masa nauyi sai ya yi ta warwarewa, ragayar ta kwana biyu tana juyawa ita kaɗai ko babu iska kafin ta natsu. Na biyu, kayan gona suna shan raɓa. Ragayar da na daidaita cikin hunturu, kome ya bushe ƙayau, da damina ta kankama sai ɓangaren audugar ya sunkuya, domin auduga tana shan laima. Masana'antu ma sun san da haka, shi ya sa a cinikin auduga na duniya ake lissafa laimar kashi 8.5 cikin 100 a matsayin ƙa'ida. Da na nuna wa dattijon nan, sai ya yi dariya, ya ce ai wannan tsohon labari ne a fuloti, inda wani manomin yakan yayyafa wa audugarsa ruwa da asuba, wani mai sayen kuma ya taɓa sikeli da ƙafa, kowa yana ganin ramuwa yake yi. Ragayar ta zama mini kamar kalandar ɗaki, ina duban reshe ɗaya in san inda shekara ta kai.

Tambayar Kakata

Ranar da na rataya ta a zaure, kakata ta fito ta daɗe tana dubanta, sa'an nan ta ce, "Kai maigidan, wannan ragaya taka me take ɗauka?" Na ce, "Iya, iska take ɗauka." Ta ce, "To madalla, in dare ya yi sai ka sauko da iskar ka ci." Wasan jika da kaka ne, amma tambayar tana da nauyi, kuma na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su yi irinta. Ragayarta tana tsare nono da fura daga kyanwa da kiyashi, jigo yana shayar da albasa, sikeli yana raba gardama. Mene ne amfanin abin da ba ya ɗaukar kome?

Amsar da zan iya bayarwa kashi uku ce. Da farko, Bahaushe bai taɓa tsayawa a kan amfani kaɗai ba. Ƙwaryar da aka yi wa zane ba ta fi marar zane riƙe fura ba, aska takwas ba ta ƙara wa riga ɗumi, dagin da magini ya zana a fuskar soro ba ya hana yoyo, jeren da kakar tawa ta yi a ɗakinta kuma yawancinsa ba a taɓa cin tuwo a ciki ba. Ita kanta ragayar mata akan yi mata tufka mai kyau da launi wanda ɗaukar ƙwarya bai bukata ba.

Na biyu, wannan fasaha ta kauce wa wani abu da ya daɗe yana raba Bahaushe Musulmi da sassaƙar zamani. Malamanmu sun yi magana mai yawa a kan ƙera surar abu mai rai, wannan ya sa iyaye da dama sukan ja baya in ɗansu ya ce zai karanta wannan fanni, suna ganin gumaka zai koyo. Ragayar iska kuwa ba ta bukatar fuska ko gaɓa. Da'ira ce da kusurwa da launi, irin waɗanda muka saba gani a bango da riga da sirdin doki, sai dai an ɗaga su daga bango an ba su motsi. Tun 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a Zariya suna kiran a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Ga wata ƙofa a nan wadda ɗan ƙasar Hausa zai iya shiga bai bar kome nasa a waje ba.

Na uku, ita ce hanya mafi sauƙi da na sani ta koya wa yaro ƙa'idar rinjaye da harshensa. Makarantar firamaren da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje tana da kara a bayan aji. Yaron da ya ɗora sillen kara a yatsa ya ga faifai ɗaya ya tsaya daidai da uku don kawai an ba shi nisa, ba zai manta ba, kuma in ya je sakandare aka rubuta masa abin da haruffan Turanci zai gane tsohon saninsa ne.

Abin da ya Shafi Sashenmu

Mu ɗaliban Hausa muna da wani haƙƙi na musamman a nan, domin kullum muna cin abinci da kalmomin da muka aro daga waɗannan na'urori. Muna cewa jigon waƙa da warwarar jigo, alhali da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin jigon lambu yana aiki ba, balle su gane abin da ya sa magabatanmu a wannan fanni suka ga ya dace da abin da dukkan waƙa ta rataya a kansa. Muna cewa ma'aunin waƙa, muna raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi, muna cewa marasa nauyi biyu suna iya tsayawa a gurbin mai nauyi ɗaya, wanda shi ne lissafin ɗan ga-ruwa ba ragi ba ƙari. In asalin kalma ya ɓace daga idon mutane, kalmar takan zauna, amma ta zama kamar guga marar igiya.

Masu wannan sani kuwa tsufa suke yi. Waɗanda suka kafa jigo da hannunsu, da waɗanda suka yi awo a fuloti zamanin hukumar auduga, da tsofaffin da suka iya tufkar ragaya da kaɗin mazari, kullum raguwa suke. Bugu da ƙari, rashin zaman lafiyar da ya addabi ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume a shekarun baya-bayan nan ya tashi mutane da yawa daga gidajensu, wanda ya gudu da dare kuwa ba ya tsayawa kwance ragaya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana mana kalmomi masu yawa na sana'o'in da, amma ƙamus ba ya nuna yadda hannu yake yi.

Kammalawa

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da suka fito daga wannan yanki, in sun je hutu, kowa ya nemi tsoho ɗaya ya rubuto sunayen sassan jigo da na sikeli da na ragaya kamar yadda ake faɗinsu a garinsu, tare da karin magana da kirarin da suka rataya a kansu. Ina roƙon malamanmu su karɓi irin wannan a matsayin abin da ya isa a yi kundin digiri a kansa. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta Hausa, a makon al'adu mai zuwa, ta ware kusurwa ɗaya inda za a ajiye kara da zare da sakaina, duk mai so ya gwada haɗa reshe uku ya gani ko za su tsaya masa. Wanda ya gwada zai gane cewa aikin haƙuri ne, kuma daga ƙasa ake faro shi. Game da sunan da na raɗa, na miƙa shi ga masana su auna, in ya yi nauyi a rage, in ya gaza a ƙara. Allah Ya sa mu dace, amin.